Tsanin Malam

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya ƙafar taki?

Wayoyinmu a Jibiya sabis ɗin Nijar suke kamawa, sai ɗiyarki Rabi, da 'ya'yanta uku, ta hau soro take samun darasin jami'arta na intanet. Maigidana Malam ke riƙe mata tsani. Da ya rasu ta ce ta bar karatu. Malamarsu ta bugo ta'aziyya, ta ji dalili, ta ce mini, "Hajiya, ke fa?" Yanzu ni ke riƙewa, maƙwabta na tambayar Rabi ko an ga wata.

Ki gaida yara. Ki yi wa Malam addu'a, ki haɗa da tsanin, ya kai ta ƙarshen digiri.

Ƙanwarki,
Binta