Gurasar da Kawu Ya Ce Ba Ta Tashi Ba

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Jidda lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Kawu Sale ya sauka gidanmu bayan umra. Na yi masa musamman, gurasar nan mai ninki-ninki da maƙwabciyata 'yar Maroko ta koya min. Tun safe nake miƙa ƙullu, ina shafa man shanu, ina ninkewa. Ya jujjuya ta, ya ce ba ta tashi ba, wai zaman Jidda ya kashe min hannu. A gaban maigidana fa. Ai ita ba a sa mata yis. Kuma biyar ya cinye.

Ku sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Ki riga shi gaya wa Inna hannuna lafiyarsa ƙalau.

Ƙanwarki,
Rabi