Na Sa Wa Empin Inna Sabon Batir

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwar ɗiya ga mahaifiyarta. Allah ya sa kina cikin rahama.

Inna, na yi rigima a gida, kuma ban yi nadama ba. A kan 'yar empinki ce, jar nan da kika sayo a kasuwar Benin, wadda kike ɗaurewa a bakin zane in kabu-kabu zai kai ki sayar da daddawa. Da ita kike jin waƙa, a cikinta kuma kike ɗaukar muryarki in kina daka.

Ranar rabon kayanki aka tarar batirinta ya kumbura kamar ƙosai, har murfin ya ɗage. Yaya Sani ya ce a jefar, wai waƙa ba ta amfanar mamaci. Goggo ta ce jin muryar wanda ya tafi yana hana zuciya haƙuri. Duka na ji su. Na ɗauke abina na sa a jaka, kowa na kallo. Zannuwa da kwanoni na bar musu, su raba.

Na kai ta wurin mai gyara a Bagudo. Ya ce ba ta da wurin sa memori, komai a cikinta yake, in ya buɗe ta lalace shi ke nan. Wai in haƙura in sayi sabuwa. Sabuwa ta san ki ne? Na ce ya buɗe, in ta mutu a hannuna ta mutu. Na tsaya a kansa har ya zare wayoyi biyun da ke jikin batirin, ya liƙa batirin wata tsohuwar waya da dalma. Ya miƙo min, na danna.

Ta kama, Inna. Na yi zaton waƙar nan ta yaren Dendi da kike so zan fara ji. Sai ga tarinki, sai ƙarar taɓarya, sai ke kina cewa, "Hauwa, ke fa ba ki jin magana, zo ki duba min ko abin nan yana ɗauka."

Yana ɗauka, Inna. A gaban shagon mutane na zauna na sha kukana, ban ɓoye fuska ba. Yaya har yau ba ya amsa gaisuwata, shi ya sani. In wannan batirin ya mutu zan sa wani.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya haɗa mu inda ba rabuwa.

Ɗiyarki marar jin magana,
Hauwa