Makon da Nake Dawowa Gida

Zuwa ga sanyin idona, inuwata bayan doguwar tafiya, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da rana ta gasa, matata abar ƙaunata!

Ina rubuto miki ne daga cikin mota, takarda a kan sitiyari, ana sauke min kaya. Yayarki ta hana ni shiga ɗakin da kike kwance a asibiti, kuma ban ga laifinta ba. Da ni ne ita, tun daga bakin get zan sa a kore ni.

Kin san aikina, mako uku a kan hanya, mako ɗaya a gida. Shekara huɗu ke nan, duk ranar da na ajiye jaka sai in tarar da ke dafe da ƙirji ta gefen dama, kafaɗa na miki zugi, numfashi sama-sama. In na koma hanya na kira ki, sai in ji muryarki garau, har da dariya. Na san makon al'adarki ne, har mita nake yi a kai. Amma ni mai ilimi sai na ce, ina ruwan ƙirji da al'ada? Na zauna ni kaɗai na yanke hukunci cewa ganina ne ba kya so.

Kin tuna safiyar da kike goge min rigar aiki? Hasken taga ya sauka a wuyanki, kin yi kyau har na manta da shayin da ke hannuna. Sai kika saki dutsen guga a kan rigar, kika durƙusa. Kika ce, "Ƙirjina, kamar ana soka min wuƙa." Ni kuma me na ce? "Wannan ƙirjin naki ya fi manajanmu sanin ranar dawowata." Har dariya na yi! Na ɗaga rigar ina duba ƙunar, ke kina ƙasa. Wayyo ni, wane irin mutum ne wannan?

Ban tsaya nan ba. Na kai ƙararki wajen Mama, na ce shagwaɓa ce. Na sayo miki maganin olsa a kemis na ajiye a kan tebur kamar na yi miki alfarma. Ranar da kika haɗa kayanki kika tafi gidan Yaya, ko rakiya ban yi miki ba.

Shekaranjiya likitarki ta tsaya da ni a baranda. Ta ce huhunki na dama ya sace, ni kuwa na san abin da ake nufi in taya ta sace. Ta kira wani dogon suna, endometiriyosis. Ta ce wata tsoka ce mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa take tsirowa inda ba wurinta ba, taki har ta kai tantanin da ya raba ciki da ƙirji. Duk wata in al'ada ta zo, ita ma sai ta kumbura ta yi jini. Ta tambaye ni tun yaushe kike kukan ciwon. Na ce shekara huɗu. Kallon da ta yi min ya sa na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Ashe jikinki da aikina duk bayan mako huɗu suke zagayowa! Ashe kina tashi ki dafa, ki wanke, ki yi min murmushi da rabin numfashi! Ya farin watana, da wane baki zan ce ki yafe min? Ina jin kunya, ina kuma jin tsoro, tsoron in kin warke ba gidanmu za ki nufa ba.

Ranar Talata za a yi miki aiki. Na riga na faɗa wa manaja ba zan tuƙa ba, ko da zai ba wani motar. Abu ɗaya nake roƙo: ki ce wa Yaya ta bar ni in zauna a bencin ƙofar tiyata. Ba sai kin yi min magana ba. In kin farka kin ce wani wuri na miki ciwo, ina so in kasance cikin waɗanda za su ji, su kuma yarda.

Naki ne ni, ko kin dawo ko ba ki dawo ba, har numfashina na ƙarshe.

Mijinki mai laifi.