Buhun Geron Inna

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya fagen fama, ya jiki? Mutanen gida a Limawa duk lafiya lau.

Kai, manyanmu sun iya karrama iyayen sojoji! An tara su a Dutse, jawabi ya fi hatsi yawa. Wai yaƙin ya daɗe har ya cinye baitulmali, don haka kwamitin manyan ya shigo kasuwa neman gero mai araha da za a raba wa iyayen. Ni na sayar musu da wanda ƙwari suka fara ci.

Da yamma sai ga Inna da nata buhun. Ta shafa bakinsa, ta ce, "Sabo, wannan ai ɗinkinka ne." Na kasa ɗaga kai.

Na canza mata. Ka sa ni a addu'a, ka gaida abokan aikinka. To, su iyayensu wa zai canza musu?