Tuwitar da kowa ke ji ban da ni

Admin: wani ɗan'uwa ne daga Tamanrasset ya turo wannan, ya roƙi a ɓoye sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, kuma a nan duk wanda na faɗa wa, kafin la'asar maganar ta zagaye gari.

Ni ɗan Damagaram ne, na daɗe a Tamanrasset. Da na zo shantiye na fara, wato wurin aikin gini, ni ke riƙe injin fasa kankare, shekara da shekaru ba abin toshe kunne sai rawanin da nake naɗawa. Daga baya na koyi haɗa sautin mota a wani garaj, har na fara karɓar aiki na kaina. Mijin yayata, Alhaji, mai shago ne a kasuwar Assihar, shi ya ɗauko ni daga gida tun farko, a ɗakinsa na fara kwana. Kwanan baya ya sayi mota, yana yawan kai kaya Idlès, hanyar ga nisa ga gargada, ya ce yana son sautin da zai ji karatu kamar malamin na zaune gabansa. Na ce masa to aktif za mu yi.

Ga wanda bai sani ba, a aktif kowane bafal, wato lasifika, da layinsa daga ampili, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti. Tuwita biyu, masu fitar da siririn sauti, na sa su a gefen gilashin gaba, midbas biyu, masu fitar da sauti mai kauri, a cikin ƙofofi, sai wani akwati da ake kira DSP, shi ke raba sautin, wannan na tuwita wannan na ƙofa. Na buɗe ƙofofin na liƙe su da roba don kar su yi karkarwa, na ja sababbin wayoyi, na tabbatar ba wadda ta juye, na tare wa tuwita sautin ƙasa don kar ta ƙone, na jinkirta bafal ɗin gefen direba har murya ta tsaya tsakiyar tablo, allon gaban motar. Wallahi na yi aikin nan da zuciya ɗaya. Abin da ya rage shi ne daidaita ƙarfin tuwita da na midbas, wannan kuwa da kunne nake yin sa tun da na fara sana'ar.

Na kunna, na ji sautin a dushe kamar an rufa masa bargo, na ɗaga tuwita, na ƙara ɗagawa, har ya yi mini daidai. Alhaji ya tafi Idlès ya dawo rai a ɓace, ya ce bai kai rabin hanya ba ya kashe rediyon, duk inda malam ya furta sinun ko sadun sai ya ji kamar an soka masa allura a kunne. Na ce kunnensa ne bai saba da sauti mai tsabta ba. Na rage kaɗan don in faranta masa, ina jin haushi a raina. Ya sake dawo da ita. Na ɗora laifin kan tuwitar na canza wata, abu bai sauya ba, na koma na ɗora kan ampili. Ya ce shi dai ya gaji da yawo da mota garaj kamar mara lafiya.

Akwai abokina da muka koyi aiki tare, bari in kira shi Ghali. Ya shiga motar, nan take ya fito yana murza kunne, ya ce tuwitata ta yi yawa ƙwarai, gaban mutane ya faɗa. Raina ya ɓaci, na ce hassada ce don ba shi Alhaji ya ba aikin ba. Muka faɗa wa juna maganganu marasa daɗi, yanzu ko gaisuwa sai sama-sama.

Ranar Juma'a bayan masallaci na ɗauki maiɗakina a motar za mu gidan yayata. Kafin mu tashi na ce bari in gwada wani abu. Akwai aplikasiyon da ke fitar da sauti ɗaya tsantsa, na haɗa wayata da rediyon, na fara daga ƙasa ina hawa. Da na kai wani wuri sai na ji tsit. Har na yi murna, na ce to ga matsalar, tuwitar ce ba ta kaiwa sama. Ina juyowa na ga ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

Ta ce, "Don Allah kashe abin nan, zai fasa mini kai!"

Na ce, "Wane abu?"

Ta ce a hankali, "Baban Nana, ba ka jin komai? Na jima ina so in yi maka maganar. Wayarka na ƙara a aljihu ba ka ɗauka. Nana na kiranka daga ɗaki ba ka amsawa, har ta tambaye ni ko fushi kake da ita."

'Yan'uwa, na kashe sautin. Ashe kayan lafiyarsu lau, Ghali ne ke da gaskiya, kunnena ne ya daina kama siririn sauti, ina ta ɗaga abin da ba na ji. Tun ranar ba na iya cin abinci sosai. Abin da ke ƙara ƙona mini rai, sana'ar da na gudo gare ta daga shantiye, ashe shantiyen ya riga ya karɓe abin da nake bukata a cikinta.

Ga inda na rasa mafita. Alhaji har yanzu ya yarda laifin ampili ne, don abin da na faɗa masa ke nan, kuma yana neman mini wuri kusa da Assihar in buɗe nawa shagon, har ya fara gaya wa abokansa Larabawa su kawo mini motocinsu. In na faɗa masa gaskiya, ina tsoron ya janye, kuma wa zai ba mai daidaita sautin da ba ya ji motarsa? In na yi shiru na sayi makirufo ina auna sautin da kwamfuta, zan iya rufa asiri, amma na ci gaba da yi wa mutumin da ya riƙe ni ƙarya. In na je na ba Ghali haƙuri in ce mu haɗa aiki, ni hannu shi kunne, ban san ko zai riƙe mini sirri ba bayan abin da na faɗa masa. Asibiti kuma takarduna ba su cika ba, ga tsoron likita ya ce ba magani.

Litinin Alhaji zai koma Idlès. Jiya na zaunar da maiɗakina a kujerar direba, ina rage tuwita tana cewa ƙara ragewa, har ta ce yanzu ya yi daɗi. Ni kuwa ina zaune gefenta, kamar daga bayan bango nake saurare.

Akwai wanda irin wannan ya taɓa samu kuma ya ci gaba da sana'ar? In faɗa wa Alhaji kafin Litinin, ko in fara zuwa wajen Ghali? Don Allah ku taimaka mini, ban da zagi, abin da ke damuna ya ishe ni.