Tayar da Na Sa wa Motar Yaya Ba Ta Kamfani Ba Ce

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karanta wannan shafi. Ki sakaya sunana don Allah. Ku kuma kada ku yi mini faɗa, kwana goma sha ɗaya ke nan ina yi wa kaina, na gaji.

A Bodinga nake. Yayana yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gajeriya kamar ta kwanta a kan kwalta. Shi ya koya mini tuƙi, bayan Kawunmu ya ce ba a ba mace makulli a gidanmu. Da zai tafi Umra sai ya danƙa mini makullin a gaban kowa, ya ce, "Autar Inna, ki riƙa tada ta da safe ta yi ɗumi. Tadawa kawai na ce."

Kwana shida ina cika umarni. Ran na bakwai aka kwana ana ruwa, gari ya waye da ƙamshin ƙasa, sai na ji ina son ganin gero ya yi kore a hanyar Shagari. Me ya kai ni? Har yau ban sani ba. Kusa da Dandin Mahe shanu suka ɓullo, na kauce, tayar baya ta daki bakin kwalta ta yage ta gefe.

Wani dattijo mai faci ya duba ta, ya girgiza kai. "Ɗiyata, gefe ba ya ɗaukar faci. Wagga da ita motar ta fito daga kamfani, nan ba ki samun irinta." Ya aika Sakkwato aka kawo wata ta hannu, girmansu ɗaya. Yana ɗaure ta ya nuna mini wasu haruffa a jikinta, ya ce ba don gudu aka yi ta ba, kuma ta daɗe a ajiye, robar ta bushe. "Cikin gari ta kai ki ta maido ki. Amma in mai motar ɗan gudu ne, ki hwaɗa mai." Na ce to, Baba. Na dawo gida na goge ta da man takalmi har ta yi baƙi kamar 'yan'uwanta uku. Wannan gugar ta fi fitar da motar ba ni kunya, domin a nutse na yi ta.

Yaya ya dawo da dabino da zamzam, ya zagaya motarsa yana shafa ta. Kawu na zaune, ya juya gare shi yana dariya: "Kawu, ka gani? Ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Wa ya ce Auta ba ta riƙe amana?" Jiya ma na ji shi yana gaya wa abokinsa tayoyin nan huɗu duk na kamfani ne, shi ya sa yake taka ta ba fargaba.

Anti, ranar Asabar zai kai Inna bikin suna a Birnin Kebbi. Na san tuƙinsa. Da ya ga hanya ta miƙe ba ya duba allurar gudu. Tun da na ji, ko karatu na zauna yi, da na buɗe littafi sai in ga tayar nan tana juyawa a kan shafin. Sau biyu na je ƙofar ɗakinsa, yana cewa "Mi ya faru, Auta?" sai in ce shayi na zo tambaya ko zai sha.

Na san ba zan bar su su hau hanyar nan a haka ba. Amma yaya zan dubi mutumin da ya tsaya mini a gaban dangi in ce masa Kawu ne ya yi gaskiya? In rubuta masa a takarda? In bi ta wajen Inna, ko hakan ya fi muni?

Yau Alhamis. Ɗazu ya miƙo mini makullin, ya ce in wanke masa ita kafin tafiya. Ga shi nan a tafin hannuna. Jama'a, me zan yi?