Mun Zauna Jiran Miya

Zuwa ga Rabi'a, inuwar mangwaron gidana, ruwan randa a zafin Maris, sabuwar doyar shekara, hasken idona da likita ya ce saura ɗaya da rabi.

Tun ina aiki a sakatariya na ji wai akwai ƙasa, Japan, inda ake dunƙula shinkafa a ci babu miya. Na ce ko ƙarya ce ko talauci. Shekara talatin ina kan ra'ayin nan ban cuci kowa ba, sai Asabar ɗin da kika ajiye mana faranti ni da abokina Kalilu: dunƙule shida masu kusurwa uku, an barbaɗa riɗi. Muka wanke hannu. Rabin awa muna zaune muna jiran miya. Sannan na ɗaga murya na ce tsufa ya kama Hajiya, ta yi tuwo ta manta da ɗayar tukunyar. Kalilu ya yi dariya har da dukan cinya. Ashe kifi ne a cikin kowane dunƙule. Ashe kwana biyu kina koyo a wayar 'yarmu Bilkis, don likita ya hana ni manja. Da la'asar kika ɗauki jaka sai Arikya, gidan yayarki. Yau kwana goma sha ɗaya.

Wayyo, farin watana! Me ya rage a unguwarmu Bukan Sidi? Kaji ma kallon ɗan haya suke yi mini.

To, na shiga kicin in gwada irin dunƙulenki. Ranar farko na dafa shinkafar dafa-duka, ta watse kamar kasuwa ta ga hadari. Rana ta biyu na sayo ta tuwo, hannuna ya ɗauki muciya ba da izinina ba, muka ƙare da tuwo. Bilkis ta gama dariyarta a waya, ta ce in jiƙa hannu, in shafa gishiri a tafi, in ɗebo da zafinta. Na ƙone. Amma babban yatsan nan da ya shekara sittin yana yi wa loma rami saboda miya, shi ya buɗe wa kifi ɗaki.

Tarwaɗa ce, busasshiya ta banda. Da tabarau na zauna cire ƙaya, sai na tuna motar Makurɗi, satin aurenmu, kina cire ƙaya kina miƙo mini tsoka, kina kallon taga wai ba ni kike ba. Shekara arba'in da ɗaya ban haɗu da ƙaya ba, yaya aka yi na ɗauka haka Allah ya halicci kifi?

Ga bakwai nan a kwano. Babu mai kusurwa uku. Ɗaya ma biyar gare shi. Jiya na zaunar da Kalilu a tabarmar nan, ya ci huɗu babu miya, na faɗa a gabansa cewa ni ne tsufa ya kama. Ki ci, ko ki ba awakin Yaya, amma ki dawo. Abin da kika ajiye mini daga yau, sai na ɓara na duba cikinsa kafin in buɗe baki.

Naki, har ranar da za a auna mini likkafani,
Ashemi

Af, na manta. Ana ta cewa wai kin aiko tambaya ko ina cin abinci. Ban yarda ba, na san zuciyarki dutse ce mai daraja. Amma ta ƙarshe da ta faɗa mini ita ce Mimidoo mai kifi ta kasuwarmu, kuma ta ce kin sa a ajiye miki manya biyu ranar Juma'a mai zuwa.